Tashin Jirgin Fadama

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Tukunyar ta riƙe ruwa. Malam Sunday ya cika ta maƙil, ya yi ta bugun famfon hannu har allurar agogo ta wuce inda tururi zai taɓa kai ta, sannan muka zauna a inuwar injin muna jiran ɗigo. Babu. Sa'adu mai walda ya bi kowace kusa da tafin hannu, ya ɗago shi a bushe ya nuna mana, kamar wanda aka zarga da taɓa miya.

Saura wuta ke nan. Baje kolin noma da tsofaffin injuna na Wurno ranar Asabar ne, 3 ga Mayu, kuma tun jiya rediyo ke faɗin cewa Jirgin Fadama zai je filin da ƙafarsa. Ni na rubuta wa kwamitin sanarwar. Ni da na ƙare aikin jarida ina hana masu ɗauko rahoto buga abin da bai riga ya faru ba.

Ban gaya wa Baffa Ƙasimu ba tukuna. Yana da rediyo.

Talata, 8 ga Afrilu

Matata Turai ta leƙa abin da na rubuta jiya, ta ce in jika ya buɗe wata rana zai ɗauka kakansa ya haukace, jirgi a gona. Tana da gaskiya. Matar edita ce.

Ba jirgi ba ne. Injin huɗa ne mai aiki da tururi, baƙi, da bututun hayaƙi a gaba irin na kan jirgin ƙasa, daga nan sunan ya fito. Biyu aka kawo zamanin Turawa. Ba sa shiga cikin gona. Ɗaya ya tsaya a wannan gefe, ɗaya a wancan, igiyar ƙarfe tsakaninsu tana jan garma ta je ta dawo. Igiyar tana naɗe ne a wani faifan ƙarfe da ke kwance ƙarƙashin cikin injin, faɗinsa ya kai tsawon mutum. Ɗan'uwansa ya ƙare a wajen Rabah, 'yan gwangwan suka yanka shi da wuta ina Kaduna. Namu kuwa ambaliya ta riske shi a gonarmu kafin 'yancin kai, ya nutse zuwa gwiwa, masu shi suka tafi suka bar shi.

Da Kaka ya raba gonar tsakanin mahaifina da ƙanensa Baffa Ƙasimu, bai dasa gamba ba, bai aza dutse ba. Cewa ya yi Jirgi ne iyaka. Gabas namu, yamma na Baffa. Sau uku 'yan gwangwan suka zo, sau uku Baffa ya raka su bakin hanya da fartanya a hannu. Ba don shi ba da babu abin gyarawa. Wannan ya kamata a rubuta.

Malam Sunday malamin aikin ƙarfe ne a makarantar fasaha, mutumin Zuru, bana zai yi ritaya. Rani biyu ke nan muna kan injin, shi da hannu, ni da yawon neman kaya. Ya ce gindin murhun ya sirance, in ruwa ya sake kwana a cikinsa damina ɗaya, an gama. Ƙasar fadama kuma yanzu ne kawai take da tauri. Ko ya fita kafin ruwan farko, ko ya zauna har ya ruɓe.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Baffa ya zo da hantsi. Bai karɓi ruwa ba. Ya zauna a bakin tabarma, sandarsa a kan gwiwa.

"Malami, na ji rediyo ta ce Jirgi za shi biki. Wa ya aike shi?"

Na ce, Baffa, ruwa na cin sa.

"Tun ba a haihe ka ba ruwa na cin shi, bai ƙoshi ba. Gyara kunka ce, na bari. Ba ku ce tahiya ba."

Ban ce ba. Ban kuma ce ba za a tafi ba. Na san irin wannan amsar, na sha jin ta a bakin kwamishinoni.

Abin da ya faɗa bayan nan shi ya tsaya min. Ya ce duk wanda ya ji bakin Kaka ranar rabo ya mutu, saura shi da ƙarfen. "In ya tahi, ni ma na bi shi, wa ka gaya ma ɗiyana inda gonassu tat tsaya? Kai kana da biro, kana da abokai Sakkwato. Su mi ag gare su?"

Na ce za a kafa turken siminti. Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. Wai mutum biyu na gusa turken siminti kafin a gama alwala. Shi abin da raƙuma ba su iya ja yake so.

Ba ni yake zargi ba, ina jin. Jikokina da nasa yake hange, waɗanda ba za su san juna ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Bayan an sauko masallaci Baffa ya tsaya a rumfar masu goro, ya karanto hadisin da ya tsine wa mai sauya alamar iyakar ƙasa. Bai ambaci sunan kowa ba. Kafin la'asar 'yan ƙodagon da muka shirya da su don haƙa sun aiko cewa suna da aiki a Achida. Dukansu, rana ɗaya.

Sa'adu ya zo da kansa, ya tsaya a ƙofa yana murza hula. "Edita, ni ƙarhe nika likewa. In tsinuwa ta huda mutum ban san da wace waya aka like ta ba."

Na duba hadisin. Ingantacce ne.

Asabar, 12 ga Afrilu

Gona: ni, Sunday, da rana.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na je wajen Liman Mu'azu. Ya bar ni na gama duk bayanina, da tarihin, da gindin murhu, sannan ya ce tsinuwar tana kan wanda ya gusa alama don ya ci ƙasar wani. In masu gona biyu suka yarda, aka kafa wata alama a gaban shaidu, babu laifi.

Na ce alhamdu lillahi.

Ya ce, "Kada ka yi saurin hamdala. Hukuncin yana cikin littahi. Yardar Ƙasimu ba ta ciki."

Duk da haka ya taka da ni har gidan Baffa. Abin da muka samu kaɗan ne: a hura wuta a gwada, amma ƙafa ɗaya kada ta gusa. Liman ya ce hura wuta ba sauya iyaka ba ne. Sa'adu ya ce in haka ne zai dawo.

Laraba, 16 ga Afrilu

Ya yi numfashi.

Tun da sassafe muka hura, da itacen darbejiya da ɓuntun shinkafa. Sunday bai yarda a gaggauta ba, wai tsohon ƙarfe kamar tsohon mutum ne, ba a tashinsa da tsawa. Hantsi ya ɗaga kafin allurar ta bar wurinta. Da farko ƙarar tafasa kawai, irin ta tukunyar gumin shinkafa. Can sai wani huci daga ƙasa. Sunday ya hau, ya goge hannu a wando, ya tura sandar da ke buɗe wa tururi hanya. Ƙaton wilin da ke gefe ya yi kamar yana shawara, ya juya rabi, ya tsaya, ya sake juyawa, sai ya ɗauka. Cuf, cuf, cuf. Ƙasa na amsawa a tafin ƙafata.

Ban san lokacin da mutane suka taru ba. Masu ban ruwa sun kashe injinansu sun zo. Mata masu turara shinkafa a bakin gari suna tsaye a kan gaɓar kwatar ban ruwa da itacen tuƙi a hannu. Da Sunday ya ja igiyar usur, jakuna biyu suka watsar da kayan albasa suka nufi Sisawa.

Baffa na can cikin albasarsa ta iri, wadda ta yi fararen kawuna har gindin ƙafar injin. Ya yi kamar cirar ciyawa yake. Da usur ya tashi sai ya miƙe, ya ajiye fartanya, ya tako a hankali. Shi kaɗai ne a wurin da ya taɓa jin wannan kukan, yana yaro. Ya aza bayan hannu kusa da jikin tukunyar, ya janye.

"Ya yi zahi," in ji shi, kamar mai ba da labarin maras lafiyan da ya farfaɗo. Sai ya ɗaga kai wajen Sunday. Ɗanladi yake kiransa, ya ce ba zai karya harshe da sunan Turawa ba alhali ga na gida. "Ɗanladi, muryatai ta hi haka kauri da."

Sunday ya ce, "Baba, kai ma taka ta fi haka da."

Baffa ya yi dariya ta gaske, sannan ya tuna yana fushi.

Da yamma, bayan wuta ta mutu, Sunday ya rarrafa ƙarƙashin injin da sanda. Ya fito fuska ba daɗi. Faifan igiyar ya nutse cikin laka gaba ɗaya, lakar ta bushe ta kama shi kamar dutsen niƙa da aka gine. Ko Baffa ya yarda, injin ba zai motsa da shi ba sai an haƙa rami mai faɗi ta kowane gefe. Gefe ɗaya albasar iri ce, ba za ta isa yanka ba sai bayan biki.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Tunanin ya zo min ina wanke fuska. Abin da ya riƙe injin shi ne abin da Baffa ke nema. A kwance faifan a bar shi inda yake. A ɗaga injin da jak, a shimfiɗa katako, ya fita da baya a kan layin iyaka, ƙafafun gaba su bi ta saman faifan. Ƙarfen da Kaka ya nuna yana nan a wurinsa, ba wanda ya gusa shi, raƙuma kuma su zo su gwada.

Na yi zaton Sunday zai rungume ni. Ya daɗe yana kallona.

"Edita, in aka kawo maka labari, ka yanke sakin layin da ke ɗauke da labarin, ka buga saura, mi ka buga?"

Na ce ai injin zai tsira.

"Wane injin? Yadda na sani faifan nan shi kaɗai ya rage. In babu shi, wa zai gane yadda aka yi huɗa da wannan abu? Tukunyar shayi ce mai ƙafa."

Na ce tukunyar shayi mai rai ta fi cikakken injin da ya ruɓe. Jimla ce mai kyau, da na ajiye ta a cikina. Ya tattara sifanunsa ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe su a buhu. Gobe zai tafi Zuru hutun Ista. Bai ce ga ranar dawowa ba. Bai taɓa tafiya da sifanun ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na kai wa Baffa maganar a gona. Ya durƙusa ya kankare ƙasa da fartanya har bakin faifan ya bayyana, ya buga shi da ƙota, ya saurari amon. Ya zagaya ta ɓangarena ya sake bugawa.

"Ɗanladi ya yarda?"

Na ce bai yarda ba, ya yi fushi ya tafi.

"Mutumin kirki na. Ya san abin da ba a bari." Ya kakkaɓe gwiwa. "Ni na yarda. A kira Liman, a kira ɗiyana, kai ma ka kira naka ko ta waya ta."

Yanzu ina da izini, ba ni da direba.

Talata, 22 ga Afrilu

Na kira Sunday sau da yawa. Tana shiga, ba a ɗauka. Da la'asar gabas ta yi duhu, iska ta kwashe shanyar Turai, ba a yi ruwa ba. Wani direba ya ce an yi yayyafi bayan Goronyo.

Turai ta ce, "Malam, ka shirya da Baffa ka ɓata da malami. Kai ba ka iya riƙon mutum biyu lokaci guda?"

Na tura masa saƙo gajere. Na ce maganata ta tukunyar shayi ba ta dace ba, kuma ba wanda zai taɓa noti ɗaya sai shi. Kafin in tura sai da na goge, na sake, na goge, na sake, kamar kanun shafin farko.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ya dawo. Ɗan kabu-kabu ya sauke shi a bakin gona da buhun sifanu da wani akwatin katako da ya rungume kamar jariri. Bai yi maganar saƙona ba.

Ya buɗe akwatin a inuwa. Ƙananan injuna biyu, kowanne tsawon hannu, kamar an wanke Jirgi ya tsuke. Bututu, wili, usur, faifai a ƙarƙashi da siririyar waya naɗe, har da 'yar garma. Ɗaya na san shi, shi ya ƙera tun bara don ya gane yadda babban yake. Na biyun a Zuru ya ƙarasa shi, ya ce matarsa ta ce ba Ista ya zo ba, maƙera ya zo.

"Har yanzu ban yarda ba," in ji shi. "Amma in babban ba zai iya nuna aikin ba, yaran nan za su nuna."

Sa'adu ya kawo kan wutar walda zai yanke sandar da ke riƙe da faifan. Sunday ya tare shi da hannu. Ba yanka. Wuni guda ya yi kwance a ƙasa yana jiƙa noti da baƙin mai, yana bugu, yana jira, yana murɗawa. Da na ƙarshe ya saki sai ya cika haƙoran faifan da giris, ya rufe su da tsohuwar roba, wai ko wata rana za a mayar.

Baffa na tsugune yana kallo. "Wata rana? Sai bayan raina, Ɗanladi."

"Ba na gaggawa, Baba."

Asabar, 26 ga Afrilu

An yi shaida. Liman Mu'azu, mai unguwa, maƙwabtan gona, 'ya'yan Baffa uku, nawa biyu a waya daga Kaduna, na riƙe ta sama kamar mai neman sabis. Baffa ya sa hannu ƙarƙashin injin ya dafa faifan, ya faɗa da bakinsa: daga tsakiyar ƙarfen nan, arewa zuwa kwata, kudu zuwa hanyar shanu. Na maimaita kalma da kalma. Liman ya yi addu'a, aka shafa.

'Yan ƙodagon sun gama aikinsu na Achida, ashe. Suna tsaye a baya da sheburansu tun kafin a shafa fatiha.

Laraba, 30 ga Afrilu

Jak, katako, jak, katako. Yau haske ya ratsa ƙarƙashin cikinsa daga gabas zuwa yamma. Wani ƙaton damo ya fito ya kalle mu, ya ja jiki ya shige gonar Baffa. Baffa ya ce a shaida, ya zaɓi ɓangare.

Juma'a, 2 ga Mayu

Ya fita.

Zan rubuta a jere kafin bakin mutane ya gyara min labarin. Mun hura bayan asuba don a gama kafin masallaci. Sunday a sitiyari da sandar tururi, Sa'adu a ƙasa yana duba katako, ni aka ba murhu, don babu wani aikin da za a iya amince min da shi. Sunday ya sa giyar baya. Sarƙoƙin sitiyari suka yi ƙara, duk jikin ya girgiza, tsatsa na zubo mana a ka. Sai na ga kwata tana matsawa. Na ɗan jima kafin in gane mu ne muke tafiya.

Ƙafafun gaba suka hau katakon da ke kan faifan, suka wuce. Mutane suka fara kabbara. Nan ne katakon da ke ƙarƙashin ƙafar baya ta yamma ya tsage, na ji shi kamar harbi. Ƙafar ta zame, injin ya karkata wajen albasar Baffa. Sunday ya rufe tururi. Shiru, sai huci.

Ya sauko ya duba, ya hau ya gaya min a hankali. In aka tsaya, ƙafar za ta ci gaba da nutsewa, ruwan tukunya ya koma gefe guda, saman murhu ya bushe, sai dai a kashe wuta a fara daga farko, in an iya. In aka mayar da shi kan layi, zai faɗa ramin da ya fito. Hanya ɗaya ce mai tauri: ya bi karkatar da ya yi, ta tsakiyar fangalin albasar iri, ya zagayo. Albasar da saura kaɗan a yanka. Irin da gidan Baffa zai shuka baɗi.

Ban iya tambayar Baffa ba. Na tsaya da itace a hannu.

Baffa ya zo gindin injin, ya dubi ƙafar, ya dubi albasar. Babban ɗansa ya fara magana, ya ɗaga masa hannu.

"Ɗanladi, mi kaka jira? Bi ta kai."

Sunday ya ce, "Baba, iri ne."

"Na san abin da nis shuka. Bi ta kai, kada shi kwanta min cikin gona in samu iyaka biyu."

Sunday ya buɗe tururi har ƙarshe. Na yi ta cusa itace ban san adadi ba. Ƙafar ta yi juyi ɗaya a banza, ta kama, ta hau. Fararen kawunan suka kwanta ƙarƙashinta, warin albasa ya gauraye da hayaƙi, kowa a wurin na hawaye kuma kowa na da hujja. Ya zagayo ta gonata da aka riga aka girbe, ya hau tudu, ya tsaya a bakin jar hanya a kan ƙafafunsa huɗu.

Na koma na duba ɓarnar. Fangali ɗaya gaba ɗaya, da gefen na biyu. Na fara cewa Baffa zan... Ya ce in na ƙarasa maganar zai sa a mayar da Jirgi.

Asabar, 3 ga Mayu

Da ƙafarsa ya je.

Tafiyarsa ta mai rakiya ce, tsohuwa da kaya a ka ta wuce mu. 'Yan kabu-kabu sun yi mana jere gaba da baya ba wanda ya sa su, amalanken ruwa na biye. Baffa ya zo da farar riga ta Juma'a, bai nemi izinin kowa ba ya miƙa hannu aka jawo shi sama. Ya gano igiyar usur. Tun daga bakin fadama har cikin gari bai sake ta ba, sai da Sunday ya ce, "Baba, tururin da za mu hau gangaren kasuwa da shi kake rabawa mutane." Ya ce to a ƙara wuta, ga Malami nan ba aikin da yake.

Filin ya cika. Mutanen Goronyo sun kawo tsofaffin taraktoci uku, ɗaya sai da aka tura. Daga Rabah an kawo injin ban ruwa mai wili biyu da ke tari kamar zai mutu kuma ba ya mutuwa, da injin niƙa da mai shi ya rantse ya girmi gidan rediyo. Akwai garmar raƙumi. A rumfa guda maƙeran gwangwani sun jera ƙananan motoci da katafila, wasu na langa-langa, wasu na kara. Da muka shigo duk aka bar su. Masu taraktocin suka danna ham, mai injin Rabah ya cire hula. Mun zagaya filin sau biyu. Fuskata baƙa ƙirin, wani tsohon abokin aiki daga Sakkwato ya tambaye ni ko na ga Edita.

Amma bayan azahar taron ya koma wajen teburin Sunday. Ya zuba ƙasar fadama a faffaɗan tire, ya ajiye ƙananan injunan gefe da gefe, ya hura musu gawayi. 'Yar garmar ta tafi, ta dawo, ta tafi, tana kifa ƙasa layi-layi. Manoma suka ƙara matsowa. Wani dattijo daga Rabah ya ce haka ne, haka ne, ubansa ya faɗa masa bai yarda ba. Wani ya tambaya ko za a ƙera masa matsakaici, don ƙafar tarakta na danne masa ƙasa. Sunday ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Da na kai masa ruwa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Sun gane." Daga shi wannan yabo ne.

Wata 'yar rahoto daga rediyo ta tambaye ni wa ya ceci injin. Na nuna mata Baffa. Na tsaya kusa ina ji yana gaya mata sau bakwai ya kori 'yan gwangwan, ɗaya har da gatari. Ta rubuta.

Lahadi, 4 ga Mayu

Hannuwana sun yi bororo. Turai na shafa min man kaɗanya tana cewa biro bai taɓa yi min haka ba.

Laraba, 21 ga Mayu

Ruwan farko jiya da la'asar, mai ƙarfi. Jirgi na ƙarƙashin rumfar kwano a makarantar fasaha, a kan siminti, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Na je na duba da kaina. Sunday ya sa ɗalibai suna goge shi, ya ce zai riƙa zuwa daga Zuru ana hura shi bayan kowace kaka.

Na so in kira mai awon ƙasa ya zana layin iyakar a takarda, a sa hannu, a buga hatimi. Lambarsa na cikin wayata tun ranar shaida. Ban kira ba. Hidima ta yi yawa, ga zafi, kuma hanyar gonar ta yi caɓi yanzu. Wani lokaci.

Da yamma na kai wa Baffa goro, ba don komai ba, hanya ce ta biyo da ni. Mun yi hirar ruwa da tsadar taki har aka kira magariba. Bai yi maganar gona ba, ni ma ban yi ba.

Turai ce ta ji a gidan suna, daga bakin surukarsa: wai ya cike gurbin da Jirgi ya tashi, ya ja fangali huɗu kewaye da faifan ya shuka masara, ya gaya wa 'ya'yansa cewa fangali biyu nasu ne, biyu nawa. Ban ji daga bakinsa ba tukuna.